Cokalin da Ige Ta Dirje

Jega Magaji,
Jihar Sakkwato.

Zuwa ga ɗiyata Balkisu,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki a Maiyama cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan aikinki na rigakafi. Ya tsare ku daga sharrin hanya da zafin rana, Ya mayar da kowa ɗakinsa lafiya.

Shekarata sittin da shida da azumin bana. Ina sallata a tsaye, ina karanta rubutun hannuna ba tare da an riƙe mini takarda ba, kuma har yau ba a taɓa aiken wani kasuwa domin ni na kasa zuwa ba. Hannuna na dama yana rawa, wannan ban musa ba. Kin gani da idonki ranar Talata, lokacin da cokali ya suɓuce mini ya faɗa cikin miya. Amma rawar hannu ba ta kai a tausaya mini ba, kuma ban ba kowa izinin tausayina ba, har ke da na haifa.

Ina sane da yadda kika dubi cokalin nan, sa'an nan kika dube ni, kika ce, "Inna, na hwasa tahiya Gusau. In na tahi, wa ka riƙa miki hannu?" Washegari kuma, kafin ki hau motar Maiyama, kika ajiye mini ambulan a kan tebur, kika ce in sa a kai gidan waya. Ban buɗe ba, amma na san abin da ke ciki: kina gaya wa ma'aikatarku cewa ba ki karɓi shugabancin ɗakin haihuwa da aka ba ki a Gusau ba. Ban amsa miki a ranar ba, domin na san halina. Magana a bakina takan fito da zafi. A takarda ne kawai nake iya tankaɗe ta kafin in miƙa wa mutum. Na gaji, Balkisu, kuma rubutu yanzu yana cin hannuna, saboda haka ki karanta da natsuwa, ba zan maimaita ba.

Zan yi miki maganar akwatin cokulan nan da kika tashi kina gani a ƙarƙashin gadona, wanda ban taɓa barin ki taɓa ba. Baturiyar da ta koyar da mu aikin gida a makarantar horon malamai mata ce ta ba ni shi ranar da muka gama, domin ni na zo ta ɗaya. Cokali goma sha biyu, mai yatsu goma sha biyu, wuƙa goma sha biyu, kowanne kwance a gurbinsa a kan shuɗin ƙyalle. Ta gaya mini tun a lokacin cewa ba azurfa ba ce zalla. Tagulla ce aka yi wa wanka da ruwan azurfa, kaurinsa bai kai na ɓawon albasa ba. Na ji maganar, na rubuta ta a littafi, amma sai da na yi shekara arba'in kafin in fahimce ta.

Mutum na farko da na ɓata wa rai a kan akwatin nan mahaifinki ne, Allah Ya jiƙansa. Ke ba ki san shi yana cin abinci a cikin gida ba, kin tashi kin iske shi da akushinsa a zaure, kina tsammanin haka yake tun asali. Ba haka ba ne. A shekarunmu na farko tare muke ci a tebur, ni da shi, abin da ba a saba gani ba a Jega. Abokansa sun yi masa dariya har sun gaji, bai fasa ba. Wata rana na ga ya kamata teburin nan ya cika, sai na fito da cokulan na jera. Ya zauna, ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ajiye.

Ya ce, "Luba, ban cin abinci da azurhwa. Ke ma kin san hukuncin."

Na ce, "Ba azurfa ba ce, Malam, ruwanta ne kawai a sama."

Ya ce, "Ruwan mi?"

Da na yi dariya na miƙa masa ruwan wanke hannu, da magana ta ƙare a nan. Amma ni ce wadda ta zo ta ɗaya. Na ɗauko littafina na karanta masa yadda ake yin rufin. Bai ishe ni ba, na aika aka tambayo wani malami a unguwa, aka dawo mini da amsar cewa malamai sun saɓa a kan abin da aka yi wa rufi kawai, akwai masu sassautawa. Na tare shi da wannan amsa tun bai tuɓe takalmi ba. Ya saurare ni har na kai aya, sa'an nan ya ce, "To, kin yi nasara, Malama. A kai mini akushina zaure." Bai yi fushi ba, bai ɗaga murya ba, kuma bai sake zama a teburin nan ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Shekara ashirin da tara ina cin abinci ni kaɗai ina kallon kujerarsa, da hujjata a hannu.

Saboda haka, duk wanda ya zauna cin abinci a ɗakinki, ki ajiye cokali a gefe ɗaya, ruwan wanke hannu a ɗaya gefen, ki kau da idonki. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da azurfa ba, kada ki yi masa darasi, ko kina da gaskiya. Za ki shugabanci mata a Gusau waɗanda wasu sun girme ki, wasu sun karɓi haihuwa tun ba ki san allura ba. Za ki fi su hujja sau da yawa. Ki riƙa tambayar kanki ko nasarar ta kai a rasa abokin cin abinci a kanta.

Bayan wannan sai na rufe akwatin. Na ce tun da mutanen gida ba su san darajarsa ba, zai jira baƙin da suka sani. Aka yi mana canjin aiki zuwa Aliero, aka ba mu gida mai ɗakin ajiya a baya, wanda mai gidan yake zuba albasarsa a ciki duk bazara. A can na kai akwatin, domin shi ne ɗaki mai kwaɗo. Kuma saboda kada cokulan su riƙa karo da juna a hanya, na yanka robar tayar keke na ɗaure su shida shida. An koya mana a aji cewa azurfa ba ta shiri da roba, ba ta shiri da warin albasa, da ƙwai, da gishiri. Na ci jarrabawa a kan wannan. Amma na ɗaure su da roba, na kulle su da albasar Aliero shekara huɗu, ban leƙa ba ko sau ɗaya.

A Aliero aka haife ki. Gwaggonki Ige, yayar mahaifinki, ta baro gonarta a Liba ta zo yi mini wankan jego. Ke ba ki san ta sosai ba, kuma laifina ne. Mace ce gajera mai faɗin hannu, mai dariya da dukan jikinta. Ita take saro itace, ita take tafasa ruwa safe da yamma, ita take dama mini kunun kanwa. "Amarya" take kirana, ko da yake na yi shekaru a gidan ƙanenta.

Ranar sunanki aka ce matan manyan ma'aikata za su zo daga Jega. Na ce to, yau baƙin akwatina sun iso. Ina zaune a ɗaki cikin mata na sa aka ɗauko shi, na buɗe a gabansu domin su gani. Baƙi ƙirin, Balkisu. Kowane cokali kamar an tsamo shi daga gindin tukunya, inda robar ta kwanta kuwa ya yi zobe mai duhu kamar ƙuna. Wata daga cikin matan ta ce, "Ashe kayan Turawa ma suna tsatsa." Aka yi dariya. Na rufe akwatin.

Ban lura Ige ta zare ɗaya ta fita ba. Ta je bayan ɗaki inda ake wanke tukwane, ta samu toka da yashi da soso, ta yi masa irin wankin da take yi wa kowane ƙarfe tun tana yarinya. Ta dirje shi da dukan ƙarfinta, ciki da baya. Sai ga ta ta shigo tana goge shi da bakin zanenta, fuskarta cike da murna.

Ta ce, "Amarya, bar ɓacin rai, kina jego. Dibi wanga, na gyara miki shi. Har ya hi na da kyau, ya koma awa zinari. Miƙo sauran."

Ta cire baƙin, ta cire azurfar tare da shi. Tagulla ce tsirara a hannunta, rawaya, duk zanen yashi.

Zan rubuta miki abin da na ce mata yadda na faɗe shi, domin ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ce, "Wa ya aike ki? An gaya miki ƙwaryar Liba ce? Hannun da bai san komai ba sai taɓarya, ina ruwansa da kayan mutane?" Na ƙara da wata kalma ta Turanci domin matan ma'aikata su san da wa suke zaune. Ige ta dubi cokalin, ta ajiye shi a hankali a bakin gado, ta ce, "Allah Shi ba ki haƙuri, Malama. Mu ba mu yi boko ba."

Na yi tsammanin za ta ɗaure kayanta a ranar. Ba ta tafi ba. Ta cika kwana arba'in ɗin nan cif, tana tafasa ruwa, tana gasa mini jiki, tana goya ki. Amma ba ta sake sa hannu a abincin gidana ba. Fura take saye a wurin matan Fulani, ta sha a bakin murhu. Ranar arba'in ta koma Liba, kuma daga ranar har ta rasu ni "Malama" ce a bakinta. Na je ta'aziyyarta da haƙurin da ban ba ta ba, na dawo da shi.

Abin da ya fi cin raina shi ne, sauran sha ɗayan ban yi rabin sa'a ba na mayar da su fari tas. Ga yadda ake yi, ki riƙe, domin ke ma ban taɓa koya miki ba. Ki samu kwanon silba, irin na alminiyam ɗin nan, ba na tangaran ba, ba na roba ba. Ki tafasa ruwa, ki jiƙa farar kanwa ki tace ta sarai kada tsakuwa ko ɗaya ta bi, ki zuba. Ki kwantar da cokulan a ciki yadda kowanne zai taɓa jikin kwanon. Za ki ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai yana tashi, kada ki damu, baƙin ne yake barin cokali yana komawa kwano. In sun yi fari ki tsame, ki ɗauraye, ki tsane nan take da tsumma mai laushi. Wuƙaƙen kuwa kada ki tsoma ƙotarsu a tafasasshen ruwa, da ƙaro aka kafa ta, za ta saki. Ba yashi, ba toka, ba soso, ba ƙarfin hannu. Abin nan ba ya son ƙarfi ko kaɗan.

Da na ce wa Ige, "Gwaggo, tafasa mini ruwa da kanwa, zo ki ga abin mamaki," da ita ce za ta fi kowa murna a ɗakin nan, da ta yi shekara tana ba da labari a Liba. Na kulle sanin tare da akwatin, sa'an nan na zagi wadda ba ta sani ba. In kin ga ƙaramar ma'aikaciya ta ɓata abu da kyakkyawar niyya, kafin ki buɗe baki ki tuna ko kin taɓa nuna mata. In kuma bakin ya riga ki, ki ba da haƙuri kafin rana ta faɗi. Haƙuri yana tauri in ya kwana, na gwada.

Sauran kulawar ba ta da wuya. A ci abinci da su, wannan shi ne babba, domin cokalin da ake ci da shi kullum ba ya samun sukunin yin baƙi. Da an gama a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, kada a bar su kwance cikin miya ko tsamiya ko lemun tsami, kada ƙwai ya bushe a jikinsu. Kada a shanya su a rana su bushe da kansu, ruwa yana barin tabo. In za a ajiye, a naɗe kowanne a tsohon ƙyallen akoko wankakke, a jefa guntun alli a akwatin da damina domin ya sha laima. In suna son ƙyalli, ki daka alli ki tankaɗe shi sau uku a ɗankwali mai laushi, ki kwaɓa da ruwa, ki shafa a hankali daga ƙota zuwa baki. Sau biyu a shekara ya isa, kafin ƙaramar Salla da kafin babba. Na ce sau biyu, kuma a nan ne kuskurena na ƙarshe yake, wanda ya sa na ɗauki alƙalami.

Tun da mahaifinki ya rasu na kuma ajiye aiki, kin san abin da nake yi kowace Juma'a da hantsi. Nakan shimfiɗa tabarma, in fito da akwatin, in goge su ɗaya bayan ɗaya da garin alli, in mayar. Ba wanda ya ci da su a tsakani, ba su yi baƙi ba, ba su buƙata. Ni ce nake buƙata. Makon jiya na kai su bakin ƙofa wurin haske, na juya bayansu. Kowane cokali, daidai inda yake kwanciya, akwai tabo rawaya kamar ƙwayar wake. Ban taɓa sa musu yashi ba. Tsumma mai laushi ne da alli mai laushi, da hannu mai ƙauna. Abin da Ige ta yi wa ɗaya da safiya guda, ni na yi wa sha ɗaya a shekara goma sha biyu, kuma ni ba ni da uzurin rashin sani.

Na daɗe zaune a bakin ƙofar nan, sai ga ki kin dawo daga asibiti, kin ajiye jaka, kin wuce madafa ba ki ko zauna ba. Na dube ki a hasken da na dubi cokulan. Shekara shida ke nan tun da aurenki ya mutu kika dawo gidan nan. Kin dawo kina waƙa in kina wanki, har nakan ce ki rage murya maƙwabta na ji. Ban san ranar da kika daina ba. Sau biyu ana kiranki ƙarin karatu a Zariya, sau biyu kina zuwa ki tsaya a kaina ki ce, "Inna, mi kika gani?" ni kuwa in ce, "Yadda kika gani," in juya fuska bango, na san sarai yadda za ki fassara. Sa'an nan in fita in gaya wa matan unguwa cewa ni ba na buƙatar kowa, alhali ke ce kika wanke zanen da nake faɗin haka a cikinsa. Ban taɓa zaginki ba, ban taɓa hana ki da baki ba. A hankali na yi, da laushi, kowace rana kaɗan. Akwai furfura a gefen kunnenki na hagu, kina da shekara talatin da biyu.

Ba zan zauna in ga ƙarshen wannan ba. Ga abin da na yi, kuma ki lura na ce na yi, ban ce zan yi ba.

Ambulan ɗinki ban kai gidan waya ba. Ga shi nan cikin wannan, a rufe yadda kika bar shi. In kina son aikawa, ki aika da hannunki, ni ba za a yi da nawa ba.

Ranar Alhamis na ɗaure kayanki duka, na sa aka ɗora a motar da ke kai albasa Gusau. Akwatin cokulan yana ciki. Na tsaya a tasha sai da na ga direban ya sa shi gaba kusa da ƙafarsa, nesa da buhunan, yana ta mita wai ko zinari ne. Za a sauke su a gidan Garba, ɗan gwaggonki Ige, wanda ke aiki a can. Na rubuta masa takarda na roƙe shi, kuma wannan ne karo na farko da na roƙi wani daga gidan nan wani abu. Ya aiko cewa ɗaki yana jiranki. In kin zauna, shi da iyalinsa za ki fara kira su ci abinci da cokulan nan, da ruwan wanke hannu a gefe. Tun da Maiyama kusa take da Liba, ki shiga can ki gai da sauran 'ya'yanta kafin ki taso. Ki ce Luba ce ta aiko ki, kada ki ce Malama.

Ɗakinki kuma na ba Malama Rifkatu, Kiristar nan mutuniyar Zuru da aka kawo makarantar firamare, wadda take kwana a ɗakin ajiyar littattafai tun farkon zango. Jiya ta tare. Ba jinya ta zo ba, mun yi sharaɗi. Ita da tukunyarta, ni da tawa. In gari ya waye ba ta ji ƙarar butata ba, ta ƙwanƙwasa. Iyakarta ke nan. Ta ce, "Mama, in cokalin ya sake faɗuwa fa?" Na ce in ya faɗi ta bar shi ya huta, ni ma in huta, in mun gama hutawa zan ɗauka. Ta yi dariya har da riƙe ƙofa. Na daɗe ban ji dariya a tsakar gidan nan ba.

Na san wannan ma taurin kai ne, kuma na san na yanke miki hukunci ban tambaye ki ba, bayan duk abin da na rubuta a sama. Ki yafe mini. Halin shekara sittin da shida ba ya fita da ruwan kanwa. Na dai juya shi ya fuskanci inda zai amfane ki sau ɗaya.

In kin ƙirga cokulan za ki samu sha ɗaya. Na Ige yana wurina. Da shi na ci shinkafa yau da rana, kuma da shi zan riƙa ci. Ba ya son alli, ba ya son tsumma, ba abin da ya rage a jikinsa da zan cinye.

Ranar Litinin ake jiranki a Gusau. Ki biyo ta Jega ki yi mini sallama, in sa miki albarka, ki sha ruwa ki wuce. Kada ki zo da shirin kwana, shimfiɗarki ba ta nan.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki. Ya sa albarka a hannunki, Ya sauke duk macen da za ta kwanta a gabanki lafiya. Ya haɗa ki da abokan zama na gari, Ya kare ki daga irin bakina. Ya jiƙan mahaifinki da Ige, Ya sa su yafe mini. Amin.

Mahaifiyarki,
Luba